Layin Tsoho da Layin Jika

Malam Alli ake ce masa, don har ya bar koyar da lissafi farin alli bai bar bakin hannun rigarsa ba. Mutum ne mai kafiya. Ko layin da ya miƙe sambal ya zana, sai ya goge ya sake. Duk wanda ya zauna ajinsa ya haddace maganarsa: in ka ga layi biyu, duba inda kowanne ya faro, sannan ka duba yadda yake hawa.

Tun da matarsa ta rasu bara ya daina shan maganin hawan jini. 'Ya'yansa sun yi lallashi, sun yi faɗa, ya yi kunnen uwar shegu da su. Kwalbar maganin tana nan kan taga tana shan ƙura.

Wata ranar Asabar jikarsa ta zo da aikin makaranta, fuska a murtuke.

"Tsoho, layukan nan sun isheni."

"Ke dai kanki ne kamar dutse," in ji shi, yana jawo ƙaramin allonsa da murna. "Zana min shekarunki da nawa. Kowa na ƙara ɗaya duk shekara."

Ta zana nata daga can ƙasa, nasa daga can sama.

"To, yaushe za ki kamo ni?"

Ta bi layukan da yatsa. "Mafarinsu daban, hawansu ɗaya. Ba za su taɓa haɗuwa ba."

"Ashe dai dutsen yana jin magana!"

Ya miƙa hannu zai goge, ta riƙe allon. Ta ja layi na uku dab da saman nasa. Ya gane shi nan take: na matarsa ne, wadda ta girme shi da shekara guda, har yakan tsokane ta da Yaya. Da yarinyar ta ja layin ya kai shekarar bara, sai ta kwantar da shi ya tafi a shimfiɗe. Nasa ya hau ya taɓa shi.

"Ka ga bana ka kamo Kaka," ta ce a hankali. "Sai layi ya daina hawa ake kamo shi. Ni ba na so in kamo ka, Tsoho."

Kewar matarsa ta taso masa. Ya daɗe yana neman kuskure a allon, bai samu ba. Ya ajiye tsumman gogewa.

"Miƙo min kwalbar can," ya ce. "Ki haɗo da ruwa."