Sabon Ekaran ɗin Lado Mai Hoto

Duk wanda ya yi katin shaida ko ya yi aure a Dungas cikin shekarun nan, ya zauna a kan kujerar Lado mai hoto. Shagonsa yana bakin kasuwa, da labule mai zanen teku, ko da yake shi Lado bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin bayan gari ba.

Abin da ya sa ake son aikinsa shi ne ya iya ƙara wa fuska haske. Kowa ya zauna sai ya ce, "Malam Lado, a ɗan haskaka ni." Shi kuwa ya ƙara kaɗan a ordinata, wato kwamfuta, daidai yadda mutum zai ji daɗi, uwarsa kuma ta gane shi.

Tsohon ekaran ɗinsa, wato allon kallo na ordinatar, mai ƙatuwar ƙeya ne kamar tukunyar tuwo. Bana ya mutu. Lado ya sayar da gyaɗarsa, aka kawo masa sabo siriri daga Magarya, da sabon katin da ke tura hoto zuwa ekaran, wanda aka soka a cikin ordinatar. Ana kunnawa ya ce, "Wannan ai magariba suka sayar mini."

A makon ne diraktan koleji ya kawo 'yan ajin ƙarshe, a yi musu hoton dosiye, wato takardun shiga jarrabawa. Tun da wayoyin hannu suka cinye hotunan biki, aikin nan ne ke riƙe da shagon. Lado ya duba yaran a ekaran, ya gan su baƙi ƙirin. Ya ƙara haske, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har suka yi masa daidai, sannan ya wanke.

Washegari sai ga dirakta da hotunan a hannu.

"Malam Lado, yara na ba ka, ka mayar mini da fatalwowi. Wannan ina hancinta?"

"Yana nan, Malam Dirakta. Ka duba da kyau."

"Na duba. Ubanta ma ya duba. Ran kasuwa zan tura dosiye. In ba su gyaru ba, wani zan kai wa."

Lado ya kira Shafi'u, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mai gyaran ordinata a Magarya. Ya zo a moto, wato babur, yana karkaɗe hula.

"Bawana, me ka ɓata kuma?"

"Kayan garinku ne, kun sayar mini da duhu a kwali."

Lado ba ƙarya ya yi ba. Ekaran ɗin a tsarin tattalin wuta ya zo, an kuma haɗa shi da tsohuwar waya mai sako-sako. Shafi'u ya canza wayar, ya kashe tattalin, ya sa wa katin manhajarsa, ya ɗaga haske. Ɗaki ya yi fes. Hindatu, matar Lado, ta shigo da fura, sai da ta kare ido da gyale.

"Kai! Rana kuka shigo da ita?"

Lado ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilas. "To, ka gama wasa, sai ka fara gyaran."

Shafi'u ya yi dariya. Da ya ga Lado bai yi ba, ya bari. Ya tambayi Hindatu yadda tsohon ekaran yake. Ta ce tun bara Malam ya ƙure masa haske, ita ko kallonsa ba ta iya yi, shi kuwa a haka ya saba awon fuskoki. Shafi'u ya kama hannun Lado ya fito da shi bakin ƙofa, ya ɗaga masa kai. Wata farar yana ce kwance a idanun duka biyu.

"Yaya Lado," in ji shi, karo na farko da ya kira shi haka, "ekaran ya warke."

Shafi'u ya ce zai gyara hotunan kafin ya koma. Lado ya ƙi, ya ce bai kai a riƙe masa hannu ba. Ya zaunar da Hindatu kusa da shi, tana cewa "ƙara" ko "rage". In ta ce ya isa, sai ya saci ƙari kaɗan, don shi har yanzu duhu yake gani. Ran kasuwa dirakta ya duba hotunan, ya gaishe shi da girmamawa, ya kwashi yaran ya kai wa wani mai hoto da ke zuwa daga Dogo-Dogo.

Lado yana buɗe shago kullum. Yana share ekaran da ƙyalle, ya kunna, ya zauna a waje. An ce likitocin ido za su zo Damagaram bayan girbi. In an tambaye shi yaushe, sai ya ce ba a faɗa masa wane girbi ba.