Ranar da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari a Tasha

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. A gidanmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta zama inda ake yabonsa. In muryarsa ta tashi a radiyon maƙwabta, sai in ɗauki tsintsiya in koma bayan ɗaki. Daga can ɗin ma ina ji sarai.

Abin da yake yi wai silam ake ce masa. Ba rerawa yake ba, magana yake jerawa, wani na taɓa masa ƙwarya a hankali. Ana cewa a lakwal, wato makarantar boko, ya koyo. Ƙarya ne. A bakina ya ɗauka, tun ina yi musu tatsuniya shi da ƙannensa. Inda nake yin shiru in bar yara cikin zullumi, nan shi ma yake yin shiru.

Yawancin maganarsa a kan matanmu ne masu ratsa hamada zuwa bara Aljeriya, da goyo a baya. A garuruwanmu, Kance, Yauri, Icirnawa, ko'ina akwai gidan da aka tafi ba a dawo ba. Yakan ce, "Ina kabarin da za mu nuna wa ɗanta? Wa zai je ya tambayi rairayi?" Masu kwasar matan sun taɓa fasa masa baki a kasuwa. Mazan da ke tafiya ci-rani su bar gida ba hatsi su ma ba sa ƙaunarsa, don bai ƙyale su ba.

Ba duka ne ya kashe shi ba. Ciwon ciki ne, cikin damina, a hanyar kai shi likita Damagaram. Ya bar mata da 'ya guda, ba a daɗe da yaye ta ba.

Gero bai yi ba a shekarar. Matarsa ta fita takaba, rumbu wayam. Wata safiya na leƙa ɗakinta, ba ita, ba yarinyar. Maƙwabciya ta ce sun yi tasha.

Na same ta a gindin motar Agadas, jikata a bayanta.

"Ke 'yar nan, ina zuwa?"

"Inna, kin sani."

"Da 'yar tasa?"

Ta sunkuyar da kai. Ban yi shawara da kowa ba, na buɗe baki na soma jero maganarsa tun daga farko, a gaban jama'a. Wata tsohuwa ta kama haɓa ta ce, "Uwarsa ce fa!"

Direba ya ce, "Iya, ki kai radiyo, mu lodi muke."

Na ce, "Kai, rufe min baki, na san uwarka tun tana tallan ƙosai."

Na ci gaba. Da na kai inda yake yin shiru, na yi shiru. Sai matarsa ta ƙarasa, kalma bayan kalma, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Inna, ni yake fara jera wa kafin kowa ya ji. Na fi ki riƙe maganar nan a ka. Amma me za mu ci?"

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta kwance goyon, ta miƙo min yarinyar da zanin, ta hau mota.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, ba labarinta. 'Yan lakwal na wucewa ta ƙofar gidana suna jera maganarsa, motar kuma ba ta daina lodi ba. Jikata tana nan wurina, muna cin abin da ya samu. Kwanan baya ta ce, "Kaka, yaya sunan babana?" Na tura ta wurin maƙwabciya ta faɗa mata. Har yanzu ba ta tambaye ni ina uwarta ba.