Matar Da Ta Hana A Rufe Gidajen Burodi

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a ofishin tsare-tsare, ta tuɓe takalmi ta tura ƙarƙashin tebur, tana bin takardu da jan biro. Shekara ashirin da shida ke nan. Aikinta shi ne nemo yadda ƙasa za ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba tare da an kashe wa mutane sana'a ba. Anti Sai-Na-Gani suke ce mata, don ba ta sa hannu kan abin da ba ta gani da idonta ba. Direbobin ofis har ɓuya suke yi in ta ɗauki jaka.

Ni ta dalilin yayana na san ta. Gidan burodi gare shi, mutum goma sha huɗu ke ci a ƙarƙashinsa. Wata shekara aka tsara doka cewa duk mai gashi da itace a rufe shi cikin wata uku. Yaya ya kasa cin abinci, wallahi har wandonsa ya yi masa yawa.

Sai ga ta wata safiya a bakin tandar Yaya, tana tari, ido na ruwa, tana tambayar kowa 'ya'yansa nawa. Wani da ya halarci taron da aka yi a ofishinsu washegari ya ce ajiye takardar dokar ta yi a gaban shugabansu.

"Ranka ya daɗe, hayaƙin nan dole ya tafi. Amma mutanen fa, ina za su?"

Aka yi ta ja, ta kafe. Ƙarshe aka ba da shekara uku, aka kuma ce masu walda na cikin gida ne za su ƙera tandar gas. Hayaƙi ya ragu, masu walda suka samu aiki.

Anti, ke ce mai taurin kai mai amfani. Ku da kuka gaji kujerarta, don Allah ku yi koyi da ita.

Makon jiya ta yi ritaya. Yaya ya je godiya, ba ta ma gane shi ba. Da ya tuna mata, abu ɗaya ta tambaya, ko an sallami wani.

"Ko ɗaya, Anti. Mu ashirin ne yanzu."

Mun gode, Anti. Gida ashirin ke dafa abinci yau saboda ke.