Faifan da Aka Rataya a Gonar Gero

Kawu Misbahu bai taɓa shiga ajin kiɗa ba. Ɗan Zango ne, autan gidansu, kuma da ɗinki ya fara neman abinci da ya koma Daura. A shagon ne wani mawaƙin biki ya bar masa ajiyar fiyano na wata biyu, shi kuwa ya riƙa taɓawa bayan la'asar har yatsunsa suka san hanya. Da mai ajiya ya karɓi kayansa, Kawu ya je kasuwar Mai'adua ya sayo nasa, tsoho, ya haɗa shi da wata kwamfutar tebur a ɗakin bayan shago. Tun daga nan ba a aurar da yarinya a danginmu ba sai da ya yi mata waƙarta, da sunanta da na iyayenta, aka saka ranar kamu.

Bana Hadiyya ce amarya, 'yar marigayi yayansa Maharazu. Kawu ya san in aka rasa tata waƙar, ba wanda zai ce kwamfuta ce. Cewa za a yi don ba ta da uba.

Kamu ranar Alhamis ne. Ranar Litinin da safe ya kunna kwamfuta, ya ga ta canza fuska. Ashe maƙwabcinsa Sadiq, mai shagon takalma, ya shiga ranar Asabar ya cike wa 'yarsa fom ɗin jarrabawa, ya jona ta da intanet ɗin wayarsa, abin da Kawu bai taɓa yi ba cikin shekara tara. Ita kuwa ta sabunta kanta. Fiyano na kawo wuta, amma in ya danna, manhajar kiɗa ba ta ji. Ya canza wayar da ke haɗa su, ya canza kafar da yake sokawa, ya kashe ya kunna har sau biyar. Shiru. Ga shi bai iya jera kiɗa da linzamin kwamfuta ba, sai da yatsunsa.

Ya kira Zakiyyu mai gyaran kwamfuta na bakin tasha. Zakiyyu ya duba ya ce akwai 'yar manhajar da ke yi wa fiyano da kwamfuta tafinta, ita sabuntawar ta share.

"Na leƙa intanet, babu ta. Fiyanon nan naka ya girmi aurena, Malam Misbahu. Sai dai faifan da ya zo da shi."

Kawu ya tafi gida ya zazzage akwatinsa, bai gani ba. Matarsa Fadila ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Wai tsofaffin fayafayan nan na cikin leda? Ai Yaya Audi ya zo ranar Juma'a yana neman na korar tsuntsaye, na ba shi duka."

Ya hau mashin sai Zango.

Gero ya fara nuna. Daga bakin gona ya hango su, fayafayai sun fi arba'in, an rataye su a igiya daga wannan sanda zuwa waccan, suna juyi suna walƙiya. Yayansa Audi na zaune a gindin gawo.

"Auta, lafiya da tsakar rana?"

"Yaya, waƙar Hadiyya ka rataya a gona."

Da ya yi bayani, Audi ya yi dariya har da tari. "Shekara nawa kana buga abin nan ba ka kori ko kaza ba. Ni kwana uku na ba shi aiki, dubi gerona."

Duk da haka ya tashi. Suka bi igiya ɗaya bayan ɗaya, Audi na kamo faifai, Kawu na karanta bayansa. Na wa'azi, na tsohon biki, na karatu. Can kusa da iyakar gona suka same shi, da hoton fiyano a jiki da kashin tsuntsu a gefe. Allah ya taimaka ta ramin tsakiya Audi ya zura igiyar, bai huda shi ba. Kawu ya goge shi da bakin rigarsa a hankali, ya naɗe a hankici.

"Ka dawo min da madadinsa," in ji Audi. "Wannan ya fi sauran ƙyalli."

Washegari Zakiyyu ya saka faifan. Kwamfuta ta karanta, ta ƙi karɓa, wai ya tsufa. Zakiyyu ya shiga wani wuri ya umarce ta ta ɗauke shi a tsohon tsari, ya sake gwadawa. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya ja, ya tsaya a tsakiya. Kawu ya fita waje don ba zai iya kallo ba, ya tsaya yana amsa gaisuwar mutane ba tare da ya san wa yake amsa wa ba.

"Zo ka taɓa," in ji Zakiyyu daga ciki.

Ya ɗora yatsa ɗaya. Sauti ya fito ta lasifika, wani ɗan koren layi ya yi sama a allo. Ya ɗora biyar. Sai ya zauna a kujera ya yi ta maimaita alhamdu lillahi, Zakiyyu na kwafe manhajar a filas ɗin kwamfuta don ajiya.

Ranar Laraba da yamma Harisu mawaƙi ya ɗora murya. Ranar Alhamis Kawu yana shago yana kafa aljihun wata riga, tunda kamu sha'anin mata ne, sai Fadila ta kira. Ta ɗaga wayar sama kawai don ya saurara. Ya ji kiɗansa, ya ji guɗa daidai inda aka ambaci Maharazu.

"Karo na uku ke nan ana sakawa," ta ce daga baya. "Mahaifiyar amarya ta ce a gaya wa Baffan Hadiyya ta ji."

Kawu ya ce to. Ya ajiye wayar, sannan ya mai da ƙafarsa kan keken ɗinki.