Malam Yari, Ka Tafi da Ƙarshen Labarin

Na Allah muke, kuma gare Shi kowannenmu zai koma. Da hantsin Talata, 13 ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Malam Yari na Tudun Wada, marubucin wasannin kwaikwayo na rediyo a nan Sakkwato, bayan hawan jini ya kayar da shi a tsakar gidansa. Ni Abdulshakur, abokin rubutunsa, tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe kuma ban san inda na nufa ba.

Malam, kai ka jawo ni cikin wannan sana'a lokacin da nake malamin firamare mai yawan surutu. Ka ce surutun nan asara ne a bar shi a iska. Shekaru muka yi muna rubuta wasan Mode da ƙanensa Gambo, 'yan uwan da rikicin gonar gado ya raba har suka daina gaisawa, kuma jama'ar gari suka ɗauke su kamar maƙwabtansu. Ni mutum ne mai dafe tebur, in tsura wa takarda ido har kaina ya yi ciwo. Kai kuwa da labari ya cije sai ka naɗe hannun riga, ka hura gawayi, ka ɗauko dutsen guga. A cikin zafin Sakkwato, Malam! Kayanka, kayan iyalinka, har da kayan makarantar yaran maƙwabta, duk ka goge su kyauta, iyayensu suna ta sa maka albarka, ba su san kai ma ribarka kake ci ba.

Na sha yi maka tsiya, ina cewa gidan rediyo ya ɗauki marubuci ya ƙare da mai wanki da guga. Wata rana ka ajiye dutsen ka ce mini: "Abdu, in ka tsare tunani da ido, ba shi zakkuwa. Bari hannu shi yi aikin da ya saba, zuciya ta tai yawonta. Can taka gamuwa da abin da kaka biɗa." A ganinka, mai matsa wa kansa hanya guda kawai yake bi yana maimaitawa, amma zuciyar da aka saki takan haɗa maganar da aka ji a kasuwa da wani abin yarinta da aka manta, sai ga labari. Na yarda da kai ne ranar da ka ƙone mini farar rigar sallah, domin dabara ta zo maka ka bar dutse a kanta ka ruga neman biro. Fitowar da wannan dabarar ta haifar ce masu sauraro suka fi so a duk wasan, kuma har yau ba ka nemi gafarar rigar ba.

Saura fitowa ta ƙarshe, kuma mun kasa gano yadda za mu sulhunta Mode da Gambo ba tare da wa'azi ba. Ranar Litinin da yamma ka tsaya da babur a bakin titin Sama, kana murmushi, ka ce ka samo, gobe za ka faɗa mini a natse. Na roƙe ka ko kalma guda, ka ƙi. Ka san ba ni da haƙuri, kuma kana jin daɗin ja mini rai.

Mako mai zuwa za a ɗauki shirin. A wurin zaman makoki ma mutane na yi mini gaisuwa, sannan su rage murya su tambaye ni ko ka bar ƙarshen. Ba ka bari ba. Na koma tebur na yi ta yaƙi da takarda, ina jin haushinka, ina jin kunyar jin haushin.

Bayan addu'ar uku jama'a suka watse, na tsaya ina kakkaɓe tabarmi ina naɗewa a ƙofar gidanka, ba na tunanin komai sai ƙaiƙayin ƙura a hanci. Nan take na ga a zuciyata akuyar Gambo ta faɗa rijiyar gonar, ba kowa a kusa sai Mode, igiya kuma ba ta jawuwa sai da mutum biyu. Ban san lokacin da na ciro waya na kira lambarka ba. Sai na ji tana ƙara daga cikin gida, bayan katanga. Kafin in kashe, maiɗakinka Maimunat ta ɗauka.

"Malam Abdu, ka samo ko?" in ji ta. "Haka shi ma yaka yi in dabara ta zo mai. Hwaɗi, ina jin ka."

Na faɗa mata ina kuka. Ban sani ba ko irin naka ne, kuma ba zan taɓa sani ba. Shi za mu ɗauka, da sunanka a gaba.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Yari, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ga Malama Maimunat, da 'ya'yansa Jelani da Hindu, da maƙwabtansa na Tudun Wada, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, ni ma Ya ba ni, domin nawa ya yi ƙaranci. Amin.