Kawu Sada da Maganar da Na Riƙe

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanen mahaifiyata, Kawu Sada na Ƙofar Marusa. Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu, domin ban tabbata ina da bakin yin magana a kansa ba.

Kawu ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani ƙaramin asibiti mai kula da yara masu sikila. Bayan sojoji sun koma bariki aka fara buɗe shagunan intanet a Katsina, a nan ya koya wa kansa haɗa manhaja. Ya haɗa wadda ke ajiye bayanan yaran: suna, nauyi, ranar dawowa. Ya bar ta a buɗe, kowa na iya duba cikinta, ya ɗauka, ya gyara. Amma ba ita ke lissafa yawan maganin da za a ba yaro ba. Wannan aikin tana ɗauko shi ne daga wata buɗaɗɗiyar manhaja, wadda wasu 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban suke kula da ita. Ba mu taɓa ganinsu ba. Kawu yana ce musu maƙwabta.

Duk mako sai ya rubuta musu a zaurensu na intanet. Ya gaishe su, ya tambayi iyali, sannan ya faɗi abin da muka canza da abin da muke shirin taɓawa, ya tambayi nasu. Ko babu labari sai ya rubuta cewa babu labari. Lokacin na gama jami'a ban sami aiki ba, ni nake buga masa wasiƙun. Mu da muka tashi a zamanin soja ba mu saba sa suna a ƙarƙashin ƙorafi ba, don haka wata rana na ce, "Kawu, sunanka fa zai zauna a nan har abada, kowa yana gani."

Ya yi dariya. "Kabiru, digirin naka na tsoro aka ba ka? Katangarmu ɗaya da mutanen nan. In ta tsage ta wajenka ba shafewa za ka yi ka yi shiru ba. Tahi za ka yi ka hwaɗa musu."

Da ya rasu, manhajar ta dawo hannuna. Wasiƙun kuma suka tsaya. Ba niyya na yi ba, ko kuma haka nake gaya wa kaina. Na ga ni ƙarami ne a cikinsu, na ce sai ina da muhimmiyar magana.

Maganar ta zo bara. Hajiya Binta, babbar nas ɗin asibitin, ta kira ni da hantsi ta nuna mini allon kwamfuta. Yarinya ce 'yar shekara huɗu, an manta ba a shigar da nauyinta ba, sai lissafin ya fito da maganin babban mutum. "Malam Kabiru," in ji ta, "da sabuwar nas ce a kujerar nan, da yanzu wani zancen muke yi." Na bincika, na ga maƙwabtan sun yi wani canji. A da in babu nauyi manhajarsu ƙin lissafi take yi, yanzu kuwa cike gurbin take yi da kanta. Wataƙila sun sanar a zaurensu. Ba na karantawa.

Ranar na toshe matsalar a manhajarmu, na yi shiru. Na ji nauyin in ce wa waɗanda suka fi ni sani sun yi kuskure a gaban duniya. Na kuma ji tsoron a ce ni ne ban fahimta ba. Sai na ce ai wani zai gani.

Kwanan baya wani abokina ya dawo daga Maraɗi, yake ba ni labarin wani asibitin ƙauye da ke amfani da manhajar maƙwabtan kai tsaye, babu tamu a tsakani. Ban san ko suna da irin Hajiya Binta ba. Ban san asibitoci nawa ne haka ba, ban kuma san ko wani abu ya riga ya faru ba. Tun ranar, in na ga uwa da yaro a goye a bakin asibiti sai in tuna da allon nan da Hajiya Binta ta nuna mini.

Me Kawu zai ce da zamanin nan? Shi da yake biyan kuɗin awa ɗaya a shago, layi ya yanke sau uku kafin wasiƙa ta tafi. Yau intanet na aljihuna, ba sojan da zai kama ni. Ina jin ba faɗa zai yi ba. Tambaya zai yi, ita ce kuma nake tsoro.

Makon jiya na rubuta musu. Na zayyana matsalar, na haɗa da gyaran, na sa cikakken sunana. Washegari wata daga cikinsu ta amsa. Ta ce sun gwada, gaskiya ne, sun janye canjin, za su kuma aika gargaɗi ga duk wanda suka sani. Sannan ta yi tambaya biyu: ina Sada, sun daɗe ba su ji shi ba, sun zaci fushi ya yi da su? Kuma tun yaushe na gano wannan?

Shekara tara, babu wanda ya kai musu labarin rasuwar. Ni ya kamata in kai.

Abin da Kawu ya rubuta da hannunsa a manhajar kusan duk an sauya shi, ni ma na sauya da yawa. Abin da ya rage nasa shi ne mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suna cigiyarsa, suka kuma saurare ni nan take saboda daga gidansa na fito.

Na amsa mata ta farko, na ce ya rasu. Ta biyun na rubuta "kwanan nan", na goge. Na rubuta "wata goma sha huɗu", na aika.