Rijiyar da Ta San Tafiyata

Tun da fari in faɗa, don kada a ji daga bakin matata ta ƙara gishiri: wawan labarin nan ni ne. Kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai ilimi, don na yi lakwal har aji huɗu, ina karanta lambobi ba tare da na nuna su da yatsa ba.

Garkata tana bayan tafkin Madarumfa, da fangalin salati da na shu, wato kabeji, da rijiyar da yayana marigayi ya gina. Mun rabu da shi ba daɗi a kan rijiyar nan. Ya kwanta ciwo ban je gaishe shi ba sai ranar da ba ya gane mutane, na tarar yana wani nishi mai tsawo, ya ja ya sauke. Shekara da shekaru ban sake tunawa da nishin ba.

Bara da rani ɗiyata, wadda ta koyi aikin lantarki a Maraɗi, ta ce guga ya ishe ni. Ta kafa min faifan sola huɗu a jere, ta zura famfo cikin rijiya, ta ɗaure wani ƙaramin akwati mai lambobi a jikin ƙarfe, gabas da faifan. Ta ce akwatin ne ke nemo wa famfo ƙarfin rana. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane, ta koma Maraɗi.

Kashegari da hantsi na taho da babbar rigata da malfata. Daga nesa ina jin famfo yana ta aikinsa da murya ɗaya. Ina isa gaban akwatin sai muryar ta faɗi. Ruwan ya tsinke, ya yi tari, sannan wani nishi ya taso daga ƙasan rijiya, ya ja ya sauke. Lambobin akwatin suka kama hawa da sauka kamar mai lalube cikin ɗaki. Ba iska, ba girgije, ko tsuntsayen tafki sun yi shiru. Na ja da baya, murya ta dawo daidai. Na matso, ta sake nishi.

Sau bakwai na gwada, don ni mutum ne mai bincike.

Na aiki matata ba tare da na gaya mata dalili ba. Ta shiga ta ƙofar yamma, ta tsinki salati, ta dawo ta ce ruwa sai zuba yake. Maƙwabcina masunci ya ratsa ta wajen, bai ji komai ba. Ashe ni kaɗai rijiyar ta sani. Na canza takalmi, ta gane ni. Na taho a kan yatsun ƙafa, ta gane ni. Ran nan na leƙa ciki na yi sallama, na kira yayana da sunan da ba na kiransa da shi tun muna yara, na ce ya yafe mini. Nishin ya daɗa tsawo.

Sai na kashe akwatin, na ɗaura masa buhu, na hana kowa taɓawa. Na sa aka yi waina aka raba sadaka. Guga kuwa na kasa zurawa, don kada in jawo abin da ban shirya gani ba. Kwana biyar salati ya kwanta, shu ya fara naɗe kunne, kuma abin da gidana zai ci har damina ke nan.

Matata ce ta buga wa ɗiyar waya, ta taho daga Maraɗi. Da hantsi muka nufi garka mu uku. Ɗiyar ta yaye buhu ta kunna, famfo ya kama aiki lafiya.

"Baba, taho ka nuna min inda kake tsayawa."

Na taho ina addu'a cikin ciki. Rijiya ta yi nishi.

"Kin ji ko?" na ce. "To ki karanta wannan a takardunku."

"Kada ka motsa. Juya ka dubi faifan."

Na duba. Wani baƙin abu mai faɗin kafaɗa da ƙaton kai ya kwanta a kan faifai biyu. Na ɗaga hannu in nuna mata, sai na ga ya ɗaga hannu tare da ni.

Ɗiyar ta ce faifan a jere suke kamar masu miƙa wa juna bokiti, in an tare wa ɗaya rana duk layin ya rage. Akwatin kuma aikinsa irin na mai ɗora wa jaki kaya ne: ya ƙara kaɗan ya ga ko zai ɗauka, in ya ɗauka ya ƙara, in ya durƙusa ya rage, haka yake yi yini guda don ya tsaya daidai inda rana ta fi bayarwa. In inuwa ta faɗo, sai ya sake laluben daga farko, famfo ya rage gudu. Nishin ke nan.

Na gyara malfa. Na ce ai dama na yi zargin haka, sai dai mai ilimi ba ya yanke hukunci da gaggawa. Kuma duk da haka, na ce, ba a rasa wani abu a tsohuwar rijiya, don ni na san abin da kunnena ya ji.

Matata tana durƙushe tana karkata ruwa zuwa fangalin da ya fi jigata. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Akwai shi mana, Malam. Shekara arba'in ina tuƙa masa tuwo. Gaya masa ya matsa daga rana, salati na shan ruwa."